Yadda Ake Gyara Agogon Suruki da Ilimin Injin Ban-Ruwa

Surukinka ne mai rabon ruwa a layin gonakinku, da agogon hannunsa mai maɓallin ƙidaya yake auna rabon kowa? Agogon ya fara kasala, ya miƙo maka? Sha kuruminka. Ni Iliyasu, mai gyaran injin ban-ruwa a Kura, na yi maka alkawari: bi matakan nan, ba za a sake kawo maka agogon ba har abada.

1. Karɓa da hannu biyu

Kul ka ce ba ka iya ba! Durƙusa ka ce, "Baba, ai ƙaramin aiki ne." Wanda ya farke cikin inji, me agogo zai nuna masa? Ka dai tuna tumatirinka yana can ƙarshen layi, sai kowa ya sha ruwa yake isowa gare ka.

2. Gano cutar

Buɗe bayansa. Za ka ga wani ɗan wili yana lilo, shi ne zuciyar. In lilon ya yi sanyi kamar mai azumi bayan la'asar, cutar kenan. Girgiza kai ka ce, "Uhm." Ka gama rabin aiki.

3. Raba bene da ƙasa

Irin wannan agogo hawa biyu ne: injin lokaci a ƙasa, na ƙidaya a sama. Masana sun ce a raba su, a ga wanda ke danne ɗan'uwansa. Raba su. Batun mayarwa kuwa, Allah na nan. Sukurorin kamar ƙwayar riɗi suke, don haka manna su a maganaɗisun tsohuwar sifikar rediyo, yadda muke yi a gareji. Haɗa har da ɗan wilin, kada ya ɓata.

4. Zuba mai

Inji ba ya ƙin mai. Ɗauko na keken ɗinkin matarka. In Hajara ta ce, "Malam, agogon Baba ne fa!" ce mata, "Shi ya sa nake cika masa." Rowa ba ta gyara.

Sukurun da ya rage bayan ka rufe, kamfani ne ya yi almubazzaranci.

5. Raka shi gona

Baba zai danna maɓalli, a buɗe wa Mudassiru na farkon layi ruwa. Allurar agogon za ta ɗan taka, ta tsaya cik. Rana ta take, gonar Mudassiru ta koma tafki, tumatirinka ya sunkuyar da kai. Matsa kusa ka ce, "Baba, anya lokacinsa bai cika ba?"

Zai dubi agogo, ya dube ka. "Ba kai ka gyara ba? Ko ba ka yarda da aikinka ba ne?"

Ce, "Na yarda, Baba." Koma ka zauna.

Gargaɗi: alkawari dai na cika, abin da ya biyo baya kuwa ba da yawuna ba. Mai ƙorafi ya same ni bakin hanyar Zariya, ina sayen tumatirin miya a hannun Mudassiru.