Yadda Za Ka Saka Gidan Surukinka a Wasan Jirgin Yaƙi

Ni malamin labarin ƙasa ne a Birnin Kudu. Ina da wani tsohon wasan kwamfuta na tuƙa jirgin yaƙi, wanda garuruwan cikinsa duk na Turai ne, ko bishiyar kuka ɗaya babu. Amma ana iya zana sabon gari a saka. Bi matakan nan a natse. Tabbas za ka ga sakamako, don ni na gani.

1. Zaɓi gari
Ni Basirka na zaɓa, garin su matata Zahara'u. Mahaifinta, Baba Sada, ya daɗe yana cewa malamin makaranta ba ya iya gina komai. Na so ya sake shawara.

2. Ɗauko hotuna
Hau babur ka je ka ɗauki hoton kowace katanga da rumbu. In an tambaye ka, ka ce aikin makaranta ne. Ba a yi wa makaranta gardama.

3. Girmama manya
Gidan Baba ɗaki huɗu ne da zaure, amma ba a zana suruki daidai da maƙwabcinsa. Cikin gine-ginen da wasan ya tanada, zaɓi mafi girma, mai bene da tuta. Akwai ɗan rubutu a ƙasansa. Kada ka karanta. Ni da nake hana ɗalibai amsa tambaya kafin su karanta, ban karanta ba. Ashe hedikwatar abokan gaba ce.

4. Kai masa ya gani
Durƙusa a zaure ka buɗe kwamfutar. Baba ya kira maƙwabcinsa Malam Manu, ya nuna da sanda: "Manu, ga nawa. Wancan mai kama da akurki naka ne."

5. Sunkuyar da kai
Nan jirage uku za su ɓullo daga wajen Gwaram. Aikinsu suke yi: jefa wa hedikwatar abokan gaba bam. Za ka so ka miƙa hannu ka kashe, amma ba a tsallaka gaban suruki yana kallo. Benen ya tashi da tutarsa.

Malam Manu ya gyara zama ya ce, "Sannu, Alhaji. Akurkina dai yana nan."

Baba bai dube ni ba. Zahara'u ya kira: "Tambayi mijinki, cikin garin nan kaf, me ya sa ni?"

6. Gyara
Zahara'u ta ce ba ta hawa babur ɗina mu koma gida sai na sake gini. Na zauna na zana ɗaki huɗu da zaure, daidai yadda suke. Jiragen suka wuce ba su ko waiwaya ba. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ka mayar mini da benen. Na Manu ma ka sa masa tuta."

Na sa. An yini ana ragargazar gidajen biyu, su kuma suna zaune suna cin gyaɗa, suna musun na wa ya fi ci da wuta. Da la'asar Zahara'u ta hau babur.

Sanarwa
Duk wanda ya bi matakan nan, tsakaninsa da surukinsa ne. Ba na biko, ba na rakiya ban haƙuri, kuma ranar Litinin ina aji.