Rasuwar Doguwa, Hitar Falonmu ta Hatta

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hanci cike da ƙaurin roba, ni Ɗalhatu Sanda nake sanar da 'yan'uwa na Dubai da kewaye rasuwar hitarmu mai ɗumama ɗaki, Doguwa, wadda ta cika da safiyar yau Laraba a gindin bangon falo. Ina rubutun nan hayaƙinta bai gama fita ba, surukata Hajiya Jummai kuma na tsaye a bayana da akwatinta.

Marigayiya ta shigo hannunmu a farkon Janairun 2020, makon da Hajiya ta iso daga Kano don a duba mata gwiwa. Sanyin duwatsun Hatta, garin da muke zaune, ya kama ta tun a mota. Ta ce, "Ɗalhatu, in ƙafar nan ta sandare, gidan Mijinyawa zan koma." Mijinyawa shi ne mijin ƙanwar matata, mai falat a cikin gari, mutumin da ko gaisuwa sai ya nuna ya fi ni iyawa.

Na garzaya unguwar Ras Al Khor wajen Issoufou, mutumin Maraɗi mai kayan wuta. Ya ce, "Falon mita nawa ne, Malam?" Na ce darduma huɗu. Ai mu girman ɗaki da wurin zama muke gane shi. Bai tambayi tsayin rufi ba, ni ma ban faɗa ba, ballantana tagogin nan masu zuƙo iska. Ya ɗauko wata hita, ya ce cikin gaurayen Faransanci da Larabci, "Bon, wannan ta isa, yalla."

Ba ta isa ba, amma ba ta taɓa ƙorafi ba. Siririya ce, mai kunya, kullum a rakuɓe jikin bango. In an kunna ta sai ta ce "ƙyas, ƙyas," ta ɗumama taku biyu na gabanta, sauran falon ta bar wa Allah. A taku biyun nan Hajiya ta yi sallah, ta ci tuwo, ta karɓi baƙi.

Ciwon ajali ya fara ne da muka ƙure mata maɓalli, ba hutu. Yau da hantsi matata Murjanatu ta shanya jiƙaƙƙen zanen Hajiya a kanta, wai ta taimaka ya bushe. Doguwa ta ce "zzzt," ta yi tari ɗaya, ta tafi da wutar gidan baki ɗaya.

Ta rasu ta bar bargo biyu, da butar shayi, da wayar wuta da ke kwance rai a hannun Allah, da gwiwar Hajiya.

Za a kai ta makwancinta a kwandon tsofaffin ƙarafa na Issoufou bayan la'asar. Zaman makoki a falon da ta gaza ɗumamawa. Kowa ya zo da rigar sanyinsa.

Ina kan wannan layin aka buga ƙofa. Wani dogon mutum ne da ban taɓa gani ba, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Ko kallona bai yi ba, rufi ya ɗaga kai ya duba.

"Alhaji Mijinyawa ne ya turo ni," in ji shi. "Wai in auna falon yadda ake aunawa, a kawo hitar da ta dace da shi."

Hajiya ta ajiye akwati, ta gyara zama. "Shigo, ɗan albarka. Ɗalhatu, riƙe masa bakin tef."