Ranar da Na Kashe Falke

Lokacin da nake aiki a kamfanin siminti na Malbaza, ni kaɗai na iya karatun boko cikin leburori. Kullum bayan azahar sai su kewaye ni a gindin bishiyar bedi, in karanta musu wani tsohon littafi da na sayo a Konni, labarin wani falke mai taurin kai. Marubucin ya iya gina mutum. Har tarin falken nan muna ji. Baba Dodo maigadi kuwa "abokina" yake ce masa.

Abin da na ɓoye musu shi ne gara ta cinye shafukan ƙarshe. Ranar da karatu ya kai wurin, na ce a raina, marubuci ai ba ƙaho gare shi ba. Na ƙura wa bangon littafin ido, na gyara murya, na jefa falke rijiya, na binne shi nan take.

Baba Dodo ya share hawaye da bakin rawani, ya ce a yi wa mamaci fatiha. Muka shafa, har da ni.

Sai Illa direba, wanda aka taɓa karanta wa littafin a Sakkwato, ya ce, "Malam, wanga falke hwa gida ya koma, har jikoki ya gani. Kai ka kashe shi."

Baba Dodo ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata. Labari ya bazu gari. Har yau in na je duba marar lafiya, ko wane ne, sai ya ja bargo ya ce, "Malam, don Allah bar ni in kai shafin ƙarshe."