Ranar da Wayata Ta Yi Gudu Ina Tsaye

Abubuwa da yawa sun same ni a Guangzhou ta ƙasar China na manta da su, amma ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, wadda har yau idan na tuna ta sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Haushin mutane da yawa nake ji a kan ranar nan, haushin kaina kuma ya fi duka.

Muna da ƙungiyar ƙwallo, mu 'yan kasuwa Hausawa da ke zaune a garin. Mu ashirin ne, yawanci 'yan Kano, sai 'yan Maraɗi huɗu da ɗan Kumasi guda. Duk Lahadi bayan la'asar mukan haɗu a wani fili mai ciyawar roba a unguwar Panyu, bayan wata masana'anta, mu buga ƙwallo awa biyu, mu yi musu awa ɗaya. Ni ne kyaftin (ba don na fi kowa iyawa ba, don dai ni na fara tara mutanen, kuma na fi kowa murya). Wanda bai taɓa zama inda ba a jin harshensa ba, ba zai gane matsayin Lahadin nan a wurinmu ba. Kwana shida kana ciniki da kalkuleta da nuni da yatsa, ranar nan kaɗai za ka yi wa mutum tsiya da Hausa ya rama.

Sai damina ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, fili ya cika, ciyawar ta ɗaɗɗago. Mai filin ya ce wata guda zai gyara. Wata ya cika na je, na tarar da ƙofa a garƙame, mai gadi ya kaɗa mini hannu ya ce meiyou, wato babu. Na zaga filaye huɗu, duk Lahadinsu a kame. Na koma wurin mai filinmu ya fi sau biyar, kullum murmushi da kofin shayi da cewa saura kaɗan.

Kafin wata na biyu ya raba, ƙungiya ta fara zagwanyewa a gabana. Zauren hirarmu na waya, wanda da ba a barci saboda gardama, ya koma wurin tallan takalma da tambayar wane jirgin kaya ne zai tashi. Sai kuma na ji labarin mutum uku daga cikinmu sun fara bugawa da wata ƙungiya a can wata unguwa, ko sallama ba su yi mini ba. Ranar ko abincin kirki ban ci ba. Shekara biyar ina lallaɓa abin nan, ina kiran manyan mutane a waya kamar mai neman aure, a ce ruwan sama ya wanke shi?

A cikin wannan fushin na kafa doka. Manhajar hirar da kowa ke amfani da ita a China tana ƙirga takun mutum na yini, ta jera shi da abokansa daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Na ce daga yau kowa taku dubu goma kullum, don jiki kada ya mutu. Wanda ya gaza sau uku a mako, ranar da aka buɗe fili a benci zai zauna. Kowace safiya sai in ɗauki hoton jerin jiya, in zagaye sunayen raggaye da jan layi, in tura zaure da 'yan kalaman da ba na so in maimaita su duka.

Ɗaya dai dole in maimaita. Mai tsaron ragarmu shi ne Alhaji Issufu, ɗan Maraɗi, mai fataucin takalma daga kasuwar Zhanxi Lu. Ya ba ni shekara goma sha biyar, kuma kowa ya san gwiwarsa ta dama tana ba shi wahala. Kullum shi ne a ƙasan jeri, dubu uku, wata rana da ɗan ɗori. Wata safiya na zagaye sunansa na rubuta cewa ko akuyar da aka ɗaure a turke ta fi Alhaji yawo. Ya amsa da kalma uku, “Na gode, Kapiten.” Abokina Sagiru, mai sayen kayan waya, ya kira ni ya ce na yi rashin kunya, mutumin nan yayanmu ne. Na ce masa idan na ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, gobe kowa zai zo da tasa gwiwar.

To, ga inda Allah ya kama ni. Makon lodin kwantena ya zo mini, na wuni zaune a sito ina duba kwalaye, daga nan mota, daga mota gado. Ranar farko na duba, takuna dubu biyu da ɗari bakwai. Ƙasa da Alhaji. Na daɗe ina kallon lambar nan ina jin kamar in buga wayar da bango.

Washegari na shiga kasuwar kayan lantarki, wurin wata mata da na taɓa ganin wani abu a teburinta. Ɗan lilo ne na roba, ka kwantar da waya a ciki ka jona wuta, ya yi ta kaɗa ta, ita kuwa tana ɗauka tafiya kake. Matar ta kalli tumbina ta yi dariya, ta kira ni laoban, wato maigida, ta nuna mini da hannu cewa in yi barcina, waya za ta yi tafiyar. Na saya, na ce wa kaina na mako ɗaya ne kawai, har in gama lodi (mako uku na yi). Na koma saman jeri, kuma maimakon in yi shiru, sai bakina ya ƙara kaifi.

Ganin har yanzu mutane na zarewa, na kira taro ranar Juma'a bayan an sauko daga Masallacin Huaisheng, a wani gidan abinci na Musulmin China da ke kusa. Na ce a nan zan karanta sunayen 'yan benci. Kamar kowane ɗan kasuwa a nan, wayoyi biyu gare ni, ta China da ta gida. Da safen na kwantar da ta China a lilonta, na jona wuta, na ɗauki ta gida da katin jirgin ƙasa na fita. Niyyata in dawo in tarar ta yi mini aikin yini, don na saba sai washegari ake duba jeri.

Mutum goma sha biyu suka zo. Aka kawo taliya da naman rago, ban bari kowa ya kai loma ba na miƙe. Na yi faɗa sosai. Na ce ba su da kishi, na ce ba su san darajar jama'a ba, na ce ni ma ina da kasuwanci amma ban taɓa cewa ba ni da lokaci ba. Ina magana ina ƙara hawa, har na dafa bayan kujera na faɗi abin da ya hallaka ni.

“Kowa ya ciro wayarsa yanzu a buɗe jerin yau. A ga masu ƙwallo, a ga masu cin taliya.”

Suka ciro. Sagiru ya ce kyaftin ne a sama, dubu goma sha huɗu da ɗari biyu. Na gyaɗa kai ina kallon Alhaji ta gefen ido. Sagiru ya sake jan fuskar wayar da yatsa, ya ce yanzu kuma da ɗari uku. Ya ɗago ya dubi ƙafafuna. Ina tsaye ƙyam, hannuwana a kan kujera. Ya ajiye wayar a tsakiyar tebur, kawuna goma sha biyu suka sunkuya a kanta, ya sake ja. Da ɗari huɗu.

Na ce ai wani lokaci intanet kan yi jinkirin turawa, tafiyar safe ce take shigowa yanzu.

“Kyaftin,” in ji Sagiru, ko murmushi bai yi ba, “kafin huɗuba na duba, dubu shida kake da su. Kuma kafaɗa da kafaɗa muka yi sallar nan. Ina wayarka ta China?”

Na laluba aljihu kamar mai neman abin da ya san babu. Daga nan wurin ya fashe. Ɗan Kumasi har ya zame daga kujera. Mai gidan abincin ya leƙo ya ga ko lafiya, Sagiru ya kaɗa masa tafin hannu hagu da dama kamar lilo, nan take mutumin ya gane (ashe duk China babu wanda bai san abin nan ba, ni kaɗai na ɗauka sirri ne), shi ma ya koma kicin yana ba ma'aikatansa labari. Ina tsaye, gumi na bin bayana, lamba kuwa sai hawa take yi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Alhaji Issufu ya jira aka lafa, ya ture kwanonsa gefe.

“Bon, Kapiten. Ni yau zuwa na yi in hwaɗa maka baki da baki cewa na bar ƙungiya. Dubu ukkun nan da kake gani, kowane taku sai da gwiwata ta gaya mini. Ban taɓa ƙara ko guda ba.”

Dariyar duk ba ta yi mini ciwo kamar maganar nan ba. Na san idan Alhaji ya fita, 'yan Maraɗi duk sun fita, sauran kuma ba su da dalilin zama ƙarƙashin maƙaryaci. Na zagaya tebur na durƙusa a gabansa, a bainar jama'a, na ce Alhaji na yi kuskure, a yi mini aikin gafara. Ya bar ni a durƙushe har sai da ya shanye shayinsa. Sannan ya ce zai zauna, da sharaɗi ɗaya: yanzu in raka shi Zhanxi Lu a ƙasa, da irin tafiyarsa, shi zai riƙe wayata ta gida ya ƙirga.

Haka muka fita cikin zafin nan mai ɗanko, ni da shadda da sabon takalmi, mutum goma sha ɗaya a bayanmu suna ɗaukar bidiyo. Duk gadar da muka hau sai Alhaji ya kama ƙarfe ya ja ƙafar dama. Ni kuwa tun kafin rabin hanya diddigena ya sale, ina haki, ina neman inuwa. Da muka iso ƙofar kasuwar ya miƙo mini wayar in duba da idona. Duk wannan wahalar taku dubu biyar ce da 'yan kai. Rabin abin da nake ɗora wa dattijo mai ciwon gwiwa kullum, ina kwance ƙarƙashin iyakwandishan.

Bidiyon ya shiga zaure kafin in isa gida. Juma'ar da ta biyo baya mutum goma sha tara cif suka tsaya a ƙofar masallaci suna jirana, har da ukun da suka gudu, wai sun zo su ga kyaftin yana tafiya da ƙafarsa. Daga nan abin ya zama al'ada, duk Juma'a a taka zuwa Zhanxi Lu ana hira ana yi mini tsiya, har ranar da aka buɗe fili. Ba mu rasa mutum ko ɗaya ba.

Har yanzu abin yana ƙona mini rai. Makonni na yi ina tsare mutane da tsawa da jan layi suna sulalewa, ashe su wurin da za su haɗu su ga juna su yi dariya kawai suke nema. Saboda haka idan filinku ya rufe, ku samo abin da zai riƙa tara ku, ko tattaki ne ko shan shayi. Ka dai yi iya ƙoƙarinka kada ya zama kai ne abin dariyar da zai tara su.