Ranar da Zoɓo Ya Tona Min Asiri

Ko tsufa ya sa na manta sunan unguwarmu, ba na jin zan manta da wata safiyar Asabar a gidan hayarmu na Herwagana, ranar da na tara jama'a don in kama ɓarawon ruwa.

Gidan sassa huɗu ne, rijiyar burtsatse ɗaya, tanki ɗaya a sama. In an kawo wuta sai a kunna inji a cika shi, kuma da can yakan kai mu kwana uku. Kwatsam sai ya koma ko kwana ɗaya ba ya yi. A cika da yamma, gari na wayewa ka murɗa famfo ya yi maka tari, ya tofo ɗigo biyu, shi ke nan. Duk wanda ya zauna a Gombe ya san rashin ruwa ba abin wasa ba ne.

Ni kuwa malamin kimiyya ne a sakandare (ku yi dariyarku tun yanzu, na yafe), don haka na ga ba wanda ya dace da binciken nan sai ni. Ban sha wahalar samun wadda zan zarga ba. Mama Rifkatu, dattijuwar da sashenta ke kallon nawa, zoɓo take dafawa tana kaiwa Kasuwar Gombe. Kullum tukwane a wuta, kullum wankin robobi. Na samu ɗan littafi, ina laɓewa a taga ina rubuta bokiti nawa ta ɗiba. (Wallahi har layi na ja da rula.) Sati biyu ina wannan aiki, sannan na kai wa mai gidan, Alhaji Buba, rahoto. Shi kuma dama ya gaji da ƙorafinmu, sai ya ce ranar Asabar zai zo, duk wanda aka samu yana ƙarar da ruwan zai bar masa gida. Mama Rifkatu kuwa mijinta ya rasu, da zoɓon nan take riƙe jikoki biyu. Na san haka sarai, amma a lokacin ji nake ni ne gwarzon da zai ceci al'umma.

A nan dole in faɗa muku abin da ban faɗa wa Alhaji ba. Wannan gidan ne na farko a rayuwata da na samu banɗaki irin na zama, mai akwatin ruwa a baya. Gidanmu na Tudun Wada masai ne na rami, kuma masai bai taɓa neman gyara a wurin kowa ba. Kusan wata guda kafin nan, ina danna hannun da ke sako ruwa sai na ji wani abu ya tsinke a cikin akwatin. Ɗan haya kuwa ba ya son mai gida ya ji ya ɓata masa kaya. Na buɗe murfin, na ɗaure wurin da wayar tsohuwar caja, na ja ta tamau don kada ta kwance. Tun daga ranar banɗakin ya kama wani kuka, "sssss", ba hutawa. Matata Hajara ta ce, "Malam, wannan ƙarar fa, lafiya kuwa?"

Na ce, "Ba ki saba ba ne. Haka na zamani suke, wanke kansa yake yi." Har da ɗaga kai na faɗa.

Ranar Asabar Alhaji ya zauna a kujerar roba a tsakar gida, 'yan haya suka kewaye shi, rediyon wani na ta magana a gefe. Na miƙe da kaftanina mai guga na karanta littafina tiryan-tiryan. Mama Rifkatu ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na rufe littafin ta ce, "Malam, ka gama?"

"Na gama, Mama."

"To Alhaji, roƙona ɗaya. A kashe rediyon nan, kowa ya yi shiru."

Muka yi tsit. Sai ga shi, ta tagar da ke bayana, "sssss", tas kamar ana soya ƙosai.

Ta ce, "Wannan kukan daga sashen wa?"

Na ce, "Nawa ne, Mama. Ai wanke kansa ya..." Ban ƙarasa ba na ji wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari.

"Ɗana, marigayi baban yara ya yi shekara da shekaru yana gyaran famfo, ni nake miƙa masa kayan aiki. Banɗaki mai lafiya bebe ne."

Ta shiga sashenta ta fito da jug na zoɓo mai kauri, wanda ba a sirka ba. Alhaji ya ce, "Mu je mu gani." Haka jama'ar gida suka ɗunguma cikin banɗakina, ga singiletina mai huda a rataye jikin ƙusa yana yi musu maraba. Mama ta ɗaga murfin akwatin ta tuttula zoɓon ciki.

"Kada kowa ya taɓa komai. Akwai roba a ƙasan akwatin nan da ke toshe hanyar ruwa. In ta zauna daidai, jan nan zai tsaya a sama. In kuwa kuka gan shi a kwano, ruwa zurara yake."

Na so in yi addu'a, ga shi a banɗaki ba a ambaton sunan Allah. Ko minti ɗaya ba a yi ba, sai ga jan layi yana gangarowa cikin farin kwanon, wani na bin wani, har kwanon ya rine. Mama ta naɗe hannun riga, ta zura hannu ta ɗago wayar cajata.

"Wannan kuma wane injiniya ne ya ɗaure? Ya ja ta har robar ba ta iya komawa mazauninta. Ruwa na fita ta ƙasa, sabo na shigowa ta sama. Tankinmu kaf ta nan yake bi ya tafi ramin sokawe."

Alhaji ya juyo a hankali. "Malam, wayar wa ce?"

Na dubi Hajara ko za ta rufa min asiri. Ita kuma ta ƙura wa silin ido kamar yau ta fara ganinsa.

"Tawa ce, Baba Alhaji."

"Kuma kai ne mai littafi?"

"Ni ne."

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Mama ta sassauta wayar, robar ta koma ta zauna, kukan ya ɗauke ɗif. Alhaji ya ce shi fa ya riga ya yi magana, wanda ya ƙarar da ruwa zai tashi, amma tunda ita aka zalunta, ita za ta yanke hukunci. Nan na durƙusa, a kan jiƙaƙƙen tayil, da kaftanin da komai.

Ta ce, "A bar shi, Alhaji. In ya tashi, wani gidan zai je ya ƙarar musu da nasu ruwan. Gara a nan, ina sa masa ido." Sannan ta dube ni ta ce, "Tashi ɗana, ba komai." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Abin da har yau ke tsinka min zuciya shi ne, da na yi nasara ranar nan, da tsohuwa ta kwashi jikokinta ta bar gida, tanki kuma ya ci gaba da ƙarewa, ni kuwa in koma taga in nemi na gaba. Shi ya sa yanzu in wani abu ya lalace, a gida ko a makaranta, ba na saurin nuna kowa da yatsa. Shiru nake fara yi, in kasa kunne in ji daga ɗakin wa ƙarar ke fitowa. Kuma abin haushi, sau da yawa daga nawa ne.