Amarya Tana Hannunmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar kamun amaryar abokina Sabi'u ba, ko da mutanen Gazara za su yi mini alfarmar mantawa (ba su ma da niyya).

Ana gobe biki na kalli wani fim na masu satar mutane a wayata. Ban taɓa ganin ɗan wasa irin wanda ya fito a shugaban ɓarayin ba. Ba ya ihu, ba ya zare ido. Zai kira waya, ya yi gyaran murya, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai ba ka shawara. Labarin ya ɗaure ni tamau har tuwona ya huce, washegari kuma na tashi da mutumin nan a raina.

Ni ne babban abokin ango. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar gidan su Sabi'u a Makarfi, sai baƙuwar lamba ta kira ni. Aka yi gyaran murya.

"Amarya tana hannunmu," in ji wata dusasshiyar murya. "Ku zo da abin da ya dace. Gazara, gidan ƙarshe bayan gonar rake. Kada ku ɓata mana lokaci."

Ƙit, aka kashe. Na kira wayar amarya Hadiza, a kashe take. Wallahi har na fara ganin makara. Na je na durƙusa gaban mahaifin ango, dattijon malami mai fama da hawan jini.

"Allah gafarta Malam, an sace Hadiza."

Carbi ya faɗi daga hannunsa. Kafin ka ce kwabo an tara 'yan sintiri, Malam da kansa ya hau bayan babur yana ta salati. Ni kuwa sai ba da umarni nake (ni da ko kaza ban iya yankawa): a kashe babura daga nesa, a kewaye gidan.

Na banka ƙofa ba ko sallama. 'Yan mata ne zube a tabarma, Hadiza a tsakiya, ƙafafu ɗaure da lalle, tana shan rake. Sai gwaggonta ta taso, wadda guɗa ta cinye wa murya tun shekaranjiya, ta yi gyaran muryar nan.

"Kai ne abokin angon? Ɗan nan, kuɗin kamu na ce ka kawo, shi ne ka zo mini da bindigar toka?"

Malam ya dube ni, yana haki. "Ka tambayi mai maganar ko wane ne?"

"A'a, Malam. A fim ɗin ba a tambaya."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Har yau ina kallon irin finafinan, don mai hali ba ya fasa halinsa. Amma yanzu ko mahaifiyata ce ta yi gyaran murya a waya, sai na ce, "Don Allah, wa ke magana?"