Rasuwar Kujerata Mai Lilo a Ranar Gwanjo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta daina tafasa ba, ni Orville Haskett, tsohon direban babbar mota, mai gidan ƙarshe a Layin Majami'a da ke garin Zanesville, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar kujerata mai lilo. Ta rasu ranar Asabar ɗin da ta wuce, a ƙofar garejina, a gaban jama'a, a ƙarƙashin wani ƙato da ban san sunansa ba. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Kada wanda ya zo mini ta'aziyya ya ce tsufa ne.

Marigayiya ta shigo gidan nan shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce. A jihar Kentucky na sayo ta, wurin wani kafinta mai ido ɗaya, lokacin da matata Doreen, Allah ya jiƙanta, take da cikin fari. Katako ne na gaske, ba irin garin katakon da ake mannawa yanzu ba. A kanta aka shayar da 'yata Charlene. A kanta Doreen take zama tana duban hanya duk ranar da zan dawo. Maganarta biyu duk tsawon rayuwarta: ƙiiƙ in ta yi gaba, ƙaaƙ in ta yi baya. Na ratsa ƙasar nan daga wannan teku zuwa wancan, na zauna da mutane iri-iri, ban ga wanda ya kai ta iya bakinsa ba. Bayan tafiyar Doreen, ita kaɗai ce a gidan nan take amsa mini in na yi magana.

Ga yadda ajali ya zo. Charlene da mijinta Duane suka yanke cewa gidan ya yi mini girma, a sayar da shi, in koma gidan tsofaffi inda ake kaɗa wa mutum ƙararrawa ya zo ya ci abinci. Suka yi ta naci har na gaji na ce to, bisa sharaɗi ɗaya: ƙafata ƙafar kujerata. Suka yarda. Suka kafa allon sayarwa a gaban gida, suka sa ranar gwanjon ƙofar gida don a rage kaya.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na san gwanjo. Ko yaro a garin nan ya san abin da ba na sayarwa ba ne lulluɓe shi ake yi da zanen gado, ko a ja igiya a gabansa. Na gaya wa Duane. Na ce masa kada a saurari 'yan sammako, domin wanda ya zo kafin lokacin da aka rubuta a kwali ba maƙwabci ba ne, ungulu ne. Na ce kuma ba a manna wa kaya farashi sai an tambayi mai kaya. Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, duk na karanta yadda ake yi a waya."

Da safe na fito da kujerar don in zauna in kalli yadda ake baje rayuwata a kan tebura. Na shiga ciki in haɗa kofi. Kafin ruwa ya tafasa, Duane, wanda tun wayewar gari yake manna takardar farashi a kan duk abin da bai motsa ba, ya manna mata dala biyar a goshi. Da karen maƙwabta ya yi barci a wurin, da shi ma an yi masa kuɗi.

Sai ga ƙaton nan ya sauko daga a-kori-kura, lokaci bai ma yi ba, Duane kuwa har da yi masa maraba. Mai tarbiyya yakan nemi izini kafin ya gwada kayan mutane. Wannan bai zauna ba, faɗa mata ya yi. Daga kicin na ji ƙiiƙ. Na tsaya da buta a hannu ina jiran ƙaaƙ. Bai zo ba. Abin da ya zo shi ne ƙas.

Na fito na tarar da shi yana kakkaɓe wando, ita kuma a kwance, bayanta ya rabu biyu. Haƙuri ma bai ba ni ba. Ya dube ni ya ce, "Tsoho, tunda ta karye, in ba ka dala ɗaya in kwashe? Ta yi mini makamashi."

Amsar da na ba shi ba za ta shiga sanarwar rasuwa ba. Amma maƙwabciyata matar marigayi Pruitt ta ce tun da take ba ta taɓa jin irinta ba, alhali mijinta sojan ruwa ne, gwanin ashar.

Ta'aziyyar Duane ita ce wai akwai wata a kanti, mai wutar lantarki, har tausa take yi. Da yamma kuma, kamar yadda aka saba, aka kai ragowar kaya bakin titi aka jingina musu kwalin da aka rubuta wa kyauta. Na leƙa na ga gawar a cikinsu, tsakanin fitila marar kai da tsofaffin takalma. Charlene ce ta taya ni ɗauko ta. Muna cikin tafiya ta tsaya, ta shafa hannun kujerar daidai inda gwiwar hannun uwarta ta goge katakon har ya yi sulɓi. Sannan muka ƙarasa da ita cikin gida.

Marigayiya ta rasu ta bar matashi ɗaya da Doreen ta saƙa, da ƙaramin tebur abokin zamanta wanda wata mata ta saya ta tafi da shi garin Columbus, da layi biyu da ta sassaƙa a daɓen baranda, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a bayan gida, ƙarƙashin bishiyar tuffa. Duane ne zai haƙa kabari, kuma na zaɓi wurin da saiwa ta fi yawa. Mai kawo abinci ya kawo, amma kada kowa ya zo da kujera, a tsaye za a yi. Wanda ya zo kafin lokaci zai tarar da ƙofa a rufe. Babu abin sayarwa, kada a taya komai.

Alamar kabari kuwa an riga an tanada. Allon sayar da gidan ne, na tumɓuke shi, na juya bayansa, na rubuta sunanta. Na ce ƙafata ƙafarta, kuma a gaban shaidu suka yarda. To, ga inda ta kwanta. Mai son gidan nan sai ya jira a haƙa kabari na biyu.